Maganin kwana goma da ya kusa cin shekara uku: nazarin lamarin wata mai ciwon gwiwa a Kano

Wannan bayani ne kan wata mata da muka kula da ita a asibitinmu daga Yulin 2023 zuwa ƙarshen 2024. Da izininta aka rubuta shi, an kuma sakaya sunanta da unguwarsu da sunayen wuraren da ta je neman magani. Abin da ya faru kafin zuwanta wurinmu mun tattaro shi ne daga katunan asibiti biyu da ta zo da su, da bakinta, da bakin babbar 'yarta.

Wace ce, kuma me ke damunta

A 2021 shekarunta 53, uwar 'ya'ya bakwai, tana zaune a cikin birni. Sana'arta waina, kuma ta haura shekara ashirin tana yi. Tun kafin asuba take zama kan kujera 'yar tsuguno gaban tanda, ba ta miƙewa sosai sai hantsi. Tsawonta mita 1.58, nauyinta kilo 92. Tana da hawan jini, tana shan maganinsa. Ba ta taɓa farfaɗiya ba, babu kuma mai ita a danginsu. Ko goro ba ta ci.

Gwiwoyin sun fara mata ciwo a 2019, ta dama ta fi tsanani. Da safe sai su ƙage, in ta ɗan motsa su sake, in ta daɗe a tsaye ko ta hau bene su dawo da ciwo. Sujada da tsugunno a masai suka zama aiki. Kusan shekara biyu tana sayen dikulofenak a kemis, wani lokaci iri biyu a haɗe ba ta sani ba, har ƙwannafi da zafin ƙirji suka kai ta asibiti aka ce gyambon ciki ne, a daina.

Satumba 2021: takarda ta farko

Ta je ƙaramin asibitin unguwarsu ranar da layi ya kai har waje. Wanda ya duba ta ya ga an hana ta dikulofenak, sai ya rubuta mata tiramadol, miligiram 50 sau biyu a rana, na kwana goma. Abin da ke cikin katin layi biyu ne kawai: ciwon gwiwa, sai sunan magani. Ba a rubuta ƙarfin ciwon ba, ba a ɗauki hoton ƙashi ba, ba a yi maganar motsa jiki ko rage ƙiba ba. Ta ce ba wanda ya gaya mata cewa maganin dangin ofiyam ne, irin su kodin da mofin, ko cewa jiki na sabawa da shi.

Ya yi mata aiki. A satin farko ta yi barci, ta tsaya gaban tanda ba tare da dafa bango ba, ta yi sujada. "Likita, ji na yi kamar an sauya mini ƙafa," in ji ta.

Oktoba 2021 zuwa Disamba 2022: "a ci gaba da magani"

Da kwana goman suka ƙare ciwon ya dawo, ta koma. A cikin wata goma sha biyar rubutun hannu huɗu daban-daban ne a katin, kowanne da jimla guda: a ci gaba da magani. A Janairun 2022 aka mayar da shi miligiram 100 sau biyu, domin ta ce ba ya riƙe ta kamar da. A Yuni ya zama 100 sau uku, wato 300 a rana. Babu inda aka rubuta ko tafiyarta ta ƙaru ko ta ragu, babu ranar da aka sa don a sake duba lamarin.

Wajen Agusta barci ya ƙaurace mata. Ƙarfe uku na dare take farkawa da zufa da tsamin jiki, sai ta haɗiyi ƙwaya sannan ta samu natsuwa. Ta kai wannan kuka wani asibitin kuɗi, ba ta ambaci tiramadol ba don ba a tambaye ta ba, ita kuma a ganinta wannan na gwiwa ne, wancan na barci. Aka rubuta mata diyazefam, wanda aka fi sani da Valium, miligiram 5 da dare, da amitiriftalin, maganin ciwon damuwa mai sa barci, miligiram 25. Daga nan ta zama tana shan magunguna uku masu danne ƙwaƙwalwa, daga hannu biyu da ba su san da juna ba. Tun 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan haɗa dangin ofiyam da dangin Valium, saboda haɗin na iya rage numfashi har ya kashe. Amitiriftalin kuma yana ƙara haɗarin jijjiga ga mai shan tiramadol.

Zuwa ƙarshen 2022 ta daina zuwa asibiti ma. Layi na cinye mata safiyar ciniki, ga kuɗin kati. Tsohuwar takardar, wadda ta sha naɗi har ta fara yagewa a tsakiya, ita ake ba yaro ya kai kemis. Lasisin masu irin waɗannan shaguna bai ba su damar sayar da tiramadol ba, amma ana ba shi. In babu mai 100, sai a ba shi wani a ce "wannan ya fi ƙarfi, ɗaya ta isa". Mai miligiram 225 ne. Hukumar NAFDAC masu 50 da 100 kaɗai ta amince da su. Masu 200 da 225 ta ɓarauniyar hanya suke shigowa, su ne NDLEA ke yawan kamawa a tashoshin ruwa da kan hanya. Ba ta karanta boko, don haka lambar da ke jikin sacet ɗin ba ta gaya mata komai ba. Ta ci gaba da lissafinta na ƙwaya biyu ko uku a rana. Iyakar abin da ake yarda babba ya sha a yini shi ne miligiram 400.

A wannan tsakanin bayan gida ya yi mata tauri, tana gyangyaɗi gaban tanda har sau ɗaya ta ƙone a hannu, ciwon gwiwar kuma bai ragu ba. Cewa ta yi ma ya bazu zuwa cinya da baya.

Azumin 2023

An ɗauki azumi ranar 23 ga Maris. Kwanakin farko ta sha wuya da rana, tun daga azahar jiki ke fara rawa. Sai ta yi dabarar haɗe na safe da na rana ta sha da sahur: ƙwaya biyu masu 225, miligiram 450 a lokaci guda, a kan amitiriftalin da Valium ɗin da ta sha da daren.

A sati na biyu, bayan sallar asuba, ta faɗi a tsakar gida tana jijjiga, ta ciji harshe, ta yi kusan minti biyu. Mutanen gida suka ɗauka iska ce, aka kira malami ya yi ruƙiyya. Bayan kwana biyar ta sake faɗuwa, malamin da kansa ya ce a haɗa da asibiti. A sashen gaggawa na wani babban asibiti aka auna suga da gishirin jini, duk lafiya lau. Wata nas ce ta tambayi 'yar ko Hajiya na shan wani magani, 'yar ta ciro sacet daga jaka.

Afrilu zuwa Yuni 2023: yunƙuri biyu da suka ci tura

Umarnin da aka ba su a ranar shi ne ta daina tiramadol nan take. An faɗi hakan a gaban 'ya'yanta da surukarta, da kalmar "shaye-shaye". Babban ɗanta ya kwashe duk ƙwayoyin ya zuba a masai.

Kafin a kwana ɗaya ta fara hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na yoyo, ido na hawaye. Kwana na biyu gudawa da murɗawar ciki da zufa mai sanyi, ƙafafu sun ƙi zama wuri ɗaya, ga fargaba kamar za a zo mata da labarin mutuwa. Ta ce tana jin abu na bin fatarta. Tiramadol yana aiki ta hanya biyu, ta ofiyam da kuma irin ta magungunan ciwon damuwa, shi ya sa barinsa farat ɗaya ke zuwa da alamun ɓangarorin biyu. A gida an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne da taifod, aka sayo magungunansu har da ƙarin ruwa. Kwana na huɗu ta aiki almajirin gidan kemis, ta ce kada ya faɗa wa kowa. Awa ɗaya da shan ƙwayar duk alamun suka kwanta.

Daga ranar shan maganin ya koma ɓoye, cikin ƙullin zani. Tsoron faɗuwa ya sa ta ƙi karɓar mai 225, ta tsaya kan 100 sau uku.

A watan Mayu wani ɗan'uwa ma'aikacin lafiya ya tsara mata ragewa cikin sati biyu, yana yi mata allurar pentazosin in ciwo ya tashi. Ita ma allurar dangin ofiyam ce mai sa sabo, kuma tana iya tayar da alamun janyewa ga wanda jikinsa ya saba da wani ofiyam ɗin. Ba a kai kwana goma ba aka watse.

Yuli 2023: zuwanta asibitinmu

'Yarta ce ta kawo ta, da sunan duba hawan jini. Da aka fitar da kowa daga ɗakin sai su biyu, likitan ya ce, "Hajiya, ba faɗa zan yi miki ba. Ki zazzage mini duk abin da kike sha a kan teburin nan." Ta daɗe tana kallon ƙasa kafin ta kwance bakin zani. Abu na farko da ta tambaya shi ne, "Likita, ni ma 'yar ƙwaya ce ke nan?" Aka yi mata bayani cewa duk wanda ya sha irin wannan magani kullum na tsawon watanni jikinsa zai saba, ko liman ne, kuma abin da ya same ta a Afrilu ba taifod ba ne, ba kuma raunin imani ba. Wannan zama ya ci minti arba'in.

Abin da aka auna ranar: tiramadol miligiram 300 a rana, Valium 5, amitiriftalin 25. Ƙarfin ciwo 7 cikin 10, a ma'aunin da 10 ke nufin mafi tsanani. Tafiyar minti goma ke tsayar da ita. Nauyi kilo 91. Aikin ƙoda lafiya. Hoton ƙashi ya nuna amosanin gaɓɓai a gwiwoyin biyu, guringuntsin ɓangaren ciki na ta dama ya cinye sosai. Wannan ne karo na farko da aka ɗauki hoton, shekara huɗu da fara ciwon.

An tattauna ko a kwantar da ita a sauya mata wani maganin, tunda ta taɓa jijjiga. Abin da ya rinjaya shi ne faɗuwar biyu duk sun zo ne bayan shan 450 a lokaci guda, kuma ta yi wata uku a kan 300 a rarrabe ba ta sake ba. Ita ma ta ce in dai asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ne ba za ta je ba, don maganar za ta zaga unguwa. Aka tsaya kan ragewa a gida bisa sharuɗɗan da ita da 'yarta suka amince da su. Likita ɗaya zai riƙa rubutawa, a ɗakin maganin asibiti kaɗai za a karɓa, na sati biyu-biyu, masu miligiram 50 zalla. 'Yar ce za ta riƙe, ta ba ta na yini kowace safiya. Amitiriftalin aka fara janyewa, cikin sati biyu. Valium kuwa aka ce kada a taɓa shi tukuna, domin yanke shi kwatsam shi ma yana kawo jijjiga, kuma ba a son a rage biyu a lokaci ɗaya. Aka koya wa 'yar alamun haɗari: barcin da ba a iya tashinta, numfashi a hankali, leɓe ya sauya launi.

Agusta 2023 zuwa Oktoba 2024: saukowa

Ƙa'idar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar a 2022 ta ce wanda ya shekara ko fiye yana shan ofiyam a rage masa kusan kashi 10 cikin 100 a wata, ko ƙasa da haka. Mu kuwa ƙaramar ƙwayar da muke da ita mai 50 ce, kafso ce ba ta rabuwa. Daga 300 zuwa 250 kusan kashi 17 ne, daga 100 zuwa 50 kuwa rabi ne cur. Tunda ba a iya ƙanƙanta matakin, sai aka tsawaita zaman da ake yi a kan kowanne.

Agusta 250. Satumba 200. Oktoba 150. Kowane ragi na zuwa da kwana uku zuwa biyar na rashin barci da tsamin jiki, an kuma gaya mata tun kafin su zo, da ranar da ake sa ran za su lafa.

Tare da ragin aka shiga aikin gwiwar kanta, wanda ba a taɓa yi ba. Ta fara zuwa sashen gashi sau ɗaya a sati na wata biyu, aka koya mata ƙarfafa naman cinya: ta zauna a kujera ta miƙe ƙafa ta riƙe ta ƙirga goma, sau goma kowace ƙafa, safe da yamma. Ta ɗaura shi a bayan asuba da bayan la'asar don kada ta manta. Aka ba ta dikulofenak na shafawa, wanda kaɗan ne ke shiga jini, da farasitamol na ranar da ciwo ya tashi. Maigidanta ya sa magini ya ɗaga murhun da bulo, ta koma soya waina a kan doguwar kujera. Aka sayo kujerar bayan gida aka ɗora kan masai. Sanda ce ta ƙi da farko, wai za a ce ta tsufa, sai da aka nuna mata yadda riƙe ta a hannun hagu ke sauke wa gwiwar dama nauyi.

Maganar salla ta fi duk waɗannan yi mata nauyi. Ta faɗa mana cewa sau da yawa tana ƙara ƙwaya ne don ta iya sujada, tana ganin salla a zaune ragi ce. Muka roƙi maigidan ya tambayo mata malamin da take saurara. Amsar da ya kawo ita ce wadda kowane ɗalibin fiƙihu ya sani, wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, kuma sallarsa cikakkiya ce. Daga wannan sati buƙatar "ƙarin ɗaya" ta ragu ƙwarai.

A Nuwamba aka tsaya cak. Bikin ƙaramar 'yarta ya zo, ta yi kwanaki a tsaye, gwiwar dama ta kumbura, ciwo ya kai 8. Ta sha ƙwayoyin kwana biyu a yini ɗaya, kuma ita da kanta ta faɗa. Ba a hukunta ta ba, ba a kuma ƙara adadin ba. Aka yi mata allurar sitiroyid, mai rage kumburi, a cikin gwiwar sau ɗaya, aka bar ta a kan 150 har ƙarshen Disamba. Janairun 2024 ta sauka 100.

A Fabrairu hukumomi suka rufe shagunan magani sama da dubu a Sabon Gari, a ƙoƙarin mayar da dillalai sabuwar cibiyar Dangwauro. Ta zo a tsorace ko maganinta zai yanke, aka nuna mata cewa nata na ɗakin maganin asibiti ne. An tsara azumin 2024, wanda aka ɗauka ranar 11 ga Maris, tun wata guda kafin ya zo: ba ragi a cikin watan, 50 da sahur, 50 bayan isha'i, in jiki ya ƙi ta sha ruwa ta rama daga baya. Kwana uku ta sha. A tsakiyar Afrilu ta koma 50 a rana, ta zauna a kai wata biyu, sannan aka riƙa tsallake rana. Ƙwaya ta ƙarshe a Yulin 2024 ta sha ta. Valium aka raba biyu a Agusta, aka daina a Oktoba.

Disamba 2024: inda aka tsaya

Ciwo 4 zuwa 5 cikin 10 a yawancin kwanaki, ya kan kai 6 da sanyin hunturu. Tana tafiyar minti talatin da sanda. Nauyi kilo 85. Ba ta sake faɗuwa ba tun Afrilun 2023. Bayan gida ya daidaita, gyangyaɗin rana ya tafi, ciwon cinya da bayan da ya bazu ya janye. Barcinta awa biyar zuwa shida ne, ba ta gamsu da shi ba. Gwiwar dama na buƙatar aikin sauya gaɓa nan gaba. An rubuta mata takardar ganin likitocin ƙashi a Dala, amma kuɗin aikin ya fi ƙarfin gidan a yanzu.

Abin da na gani a wannan lamari

Ban ɗora laifi kan takardar farko ba. Mace ce mai ciwo, an hana ta dikulofenak, tiramadol na 'yan kwanaki abu ne da za a iya karewa. Ɓarnar tana cikin abin da ya biyo baya, inda maganin kwana goma ya zama na dindindin ba tare da wani ya zauna ya yanke shawarar hakan ba. Mutum huɗu sun rubuta "a ci gaba", kowannensu yana ganin wanda ya gabace shi ya yi tunanin. Da a ce an rubuta a katin ranar dainawa da abin da ake so maganin ya cimma, ko da "ta iya tafiyar minti ashirin" ne, da na biyu ya ga cewa adadi na hawa tafiya na raguwa.

Hujjar ilimi ma ba ta goyi bayan abin da aka yi ba. Nazarin 2019 na Cochrane, ƙungiyar da ke tace sakamakon binciken likitanci, wanda ya tattara gwaje-gwaje 22 kan tiramadol a amosanin gaɓɓai, ya samu amfaninsa ga ciwo da motsi kaɗan ne, illolinsa kuma na sa mutane da yawa barinsa. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a 2022 ta sa motsa jiki da rage nauyi a gaba, sai maganin shafawa ga gwiwa. Matakan maganin ciwo da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1986, waɗanda yawancinmu muka haddace a makaranta, don masu ciwon daji aka yi su. Ɗauko su a ɗora kan gwiwar da za ta yi shekara ashirin tana ciwo kuskure ne. Kada kuma wannan ya zama dalilin hana mai ciwon daji ko mai sikila a lokacin tashin ciwo mofin ɗin da yake buƙata. Wannan wani zalunci ne daban, kuma yana faruwa a asibitocinmu.

Yankewar Afrilu ta fi ba ni takaici, domin da kyakkyawar niyya aka yi ta. An gano matsalar daidai, sai aka yi mata maganin da ya tura matar ɓoye, ya kuma kunyata ta a gaban surukarta. Tun 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan yanke ofiyam kwatsam ga wanda jikinsa ya saba. Mu a nan tun bayan haramta maganin tari mai kodin a Mayun 2018, da binciken ƙasa na wannan shekarar da ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na amfani da irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba, hoton da ke zuwa mana a rai na matashi ne a bakin kwalbati. Babu wanda ya kalli hajiya mai waina ya yi tunanin haka, shi ya sa ba a tambaye ta ba, kuma da aka gano sai aka yi mata irin faɗan da ake yi wa wancan matashin, wanda shi ma faɗan bai taɓa warkar da shi ba.

Abin da ya yi aiki babu mai tsada a cikinsa: hannu ɗaya mai rubutawa, 'ya mai riƙon magani, ragi a hankali da ake iya tsayar da shi ba tare da an koma baya ba, da kuma ba ta wani abin dogaro kafin a karɓe wanda ta saba da shi. Ina da yaƙinin cewa da ba a ɗaga murhun ba, ba a warware mata maganar sujada ba, da ragin ya watse a Nuwamba. Abin da ya fi wuyar samu shi ne minti arba'in na zaman farko, a asibitin da mutum ɗaya ke duba layin da ya kai waje. Don haka a wurinmu aka ware yammacin rana ɗaya a sati ga duk wanda ya haura wata uku a kan tiramadol ko kodin, kuma ɗakin magani ba ya sake bayar da su da takardar da ba ta da ranar ƙarewa. An rubuta wa asibitocin biyu da ta fara zuwa wasiƙa da bayanin abin da ya faru, domin ba su da wata hanyar da za su sani.